Zanen dala miliyan 450 da tukunyar da ba a ɗora ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an taɓa sayen zane guda ɗaya a kan dala miliyan 450, alhali a unguwarmu akwai gidajen da ake wuni ba a ɗora tukunya ba. Shin akwai wani zane ko gini ko kayan tarihi da ya kai darajar ran mutum? In babu, me ya hana a sayar da abin da aka tara a gidajen tarihi na duniya a ciyar da mayunwata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma amsarsu ba iri ɗaya ba ce. Ta farko ba ta buƙatar dogon nazari: babu. Babu zane, babu gini, babu littafin da ya kai ran yaro guda. Adana kayan tarihi ne sana'ata, da ita nake ci da iyalina, amma da gobara za ta tashi a ɗakin ajiya, ga akwatin littattafai masu shekara ɗari biyar ga ɗan mai gadi yana barci, yaron zan sunkuta in fita, kuma ban san wani abokin aiki mai hankali da zai tsaya tunani ba. Ta biyun, wato a sayar a ciyar, ita ce nake da ja a kanta, duk da na san daga kyakkyawar zuciya ta fito.

Zanen da ka ji labarinsa sunansa Salvator Mundi, hoton Annabi Isa ne, alaihis salam, yadda Turawa suke suranta shi, a kan allon katako da tsawonsa bai wuce santimita 66 ba. Ana danganta shi ga shahararren mai zanen Italiya Leonardo da Vinci, ko da yake har gobe akwai masana da ke cewa yawancin aikin na almajiransa ne. An yi gwanjonsa a gidan Christie's na New York ranar 15 ga Nuwamba 2017, ya tashi a kan dala miliyan 450.3. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 2005 wasu dillalai sun saye shi a New Orleans a kan dala 1,175, don a lokacin kowa ya ɗauka kwafi ne. Aka wanke shi, aka gyara, masana suka duba, a 2013 wani attajirin Rasha, Dmitry Rybolovlev, ya biya dala miliyan 127.5, bayan shekara huɗu ya kai shi gwanjo. Jaridu sun ruwaito cewa wani yariman Saudiyya ne ya saya, kuma tun daga ranar ba a sake nuna shi ga jama'a ba. Allon dai shi ne allon. Suna da gasar masu kuɗi ne suka ɗaga shi daga dubu ɗaya da 'yan kai zuwa ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka tun a nan ka raba abu biyu a ranka, darajar aikin fasaha daban, farashin da attajirai ke tayawa a gwanjo daban. A Geneva akwai rumbunan ajiya da ba a biyan kuɗin fito, ana ƙiyasta akwai ayyukan fasaha sama da miliyan ɗaya a kulle cikinsu, babu idon da ke ganinsu. Wannan jibge dukiya ne kawai, kuma ba zan ɓata bakina wajen kare shi ba.

Yanzu mu auna kuɗin da cikin yaro. Wanda ya taɓa shiga cibiyar kula da yara masu tamowa ya san ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa dantsen yaro. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, rai na cikin haɗari. Ka haɗa babban yatsanka da manuniya ka dubi ramin da suka yi. Dantsen ɗan shekara biyu yana wucewa ta nan har da sauran wuri. Yaron ma ba ya kuka, ƙarfin kukan ya ƙare, sai ido kawai yake bin mutane da shi. Abincin da ke dawo da irin wannan yaro haɗin gyaɗa ne da madara da sukari da mai da sinadarai a ɗan ƙunshi, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut. Katan ɗaya mai ƙunshi 150 yakan ishe shi mako shida zuwa takwas, kuma kuɗinsa yana wajen dala 50. Dala miliyan 450 ke nan katan miliyan 9. Gaskiya ne sai an ƙara kuɗin mota da ma'aikata da magani, amma ko an raba gida uku an ɗauki kashi ɗaya, yara miliyan 3 ne. A 2022 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta yaran da ke cikin matsananciyar rama a duniya baki ɗaya sun kai miliyan 13.7. Wanda ya taya zanen nan yana riƙe da abin da zai ceci babban yanki nasu, ya zaɓi allo. Lissafin nan gaskiya ne, kada ka bari wani ya shafe maka shi da dogon Turanci.

Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, ya kafa irin hujjarka tun 1972, lokacin da miliyoyin mutanen Gabashin Bangal ke gudun yaƙi suna mutuwa a sansanoni. Ya ce ka ɗauka kana wucewa ka ga yaro yana nutsewa a kududdufi, ruwan bai kai maka ƙugu ba. In ka shiga tufafinka su ɓaci, in ka wuce yaron ya mutu. Kowa ya san abin da ya wajaba. To, in ji shi, nisan wuri bai sauya hukunci ba, yaron da ke wata nahiya ma yaro ne. Daga baya ya juya hujjar kan gidajen tarihi, ya soki gidan Metropolitan na New York da ya biya kusan dala miliyan 45 a 2004 don wani ɗan ƙaramin zane na Duccio, ya ce da kuɗin za a buɗe idon dubban ɗaruruwan masu yanar ido.

Mu kuwa ba mu jira Singer ba. Kowane ɗan makarantar allo ya ji hadisin da ke kore cikar imani ga wanda ya kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na jin yunwa. Malaman usulu sun kasa maslahar ɗan Adam hawa uku, larura da buƙata da ƙawa, suka sa kare rai a hawa na farko, ado kuwa a na ƙarshe, kuma na ƙarshe ba ya shiga gaban na farko. A shekarar Ramada, hijira ta 18, da fari ya kama Hijaz, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu, ya rubuta wa gwamnoninsa a turo abinci. An kuma ruwaito cewa masu hidimar Ka'aba sun rubuta wa Umar ɗan Abdul'aziz suna neman ya aiko da sabuwar rigar Ɗaki yadda magabatansa suka saba, sai ya amsa musu cewa ya ga ya fi dacewa ya sa kuɗin a cikkunan mayunwata, don sun fi cancanta. Ka ji fa, rigar Ka'aba. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da nasu: Ambrose, bishop na Milan, ya narkar da kwanonin zinariya na coci ya fanshi fursunonin yaƙi bayan 378, aka zarge shi, ya kare kansa da cewa coci ba ta mallaki zinariya don ajiya ba sai don a kashe wa mabuƙata.

Amma shi Umar ɗan Abdul'aziz ɗin nan yana da labari na biyu, kuma a tsakanin labaran biyu ne amsata take. Ɗan baffansa Walid ɗan Abdulmalik ya gina babban masallacin Dimashƙa tsakanin 706 da 715, ya narka dukiya, marmara da ƙananan duwatsu masu launi da ruwan zinariya a bango. Masana tarihi sun kawo cewa da Umar ya hau mulki ya yi niyyar ɓamɓare adon nan ya mayar baitulmali. Mutanen Dimashƙa suka ƙi, sannan wasu jakadun Rumawa suka shiga masallacin, kwarjininsa ya kama su, da labari ya kai wa Umar sai ya ce a bar shi. Kafin shi ma, Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya yi niyyar raba zinariya da azurfar da ke ajiye a Ka'aba, Shaiba, mai hidimar Ɗakin, ya tuna masa cewa abokansa biyu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Abubakar, ba su yi haka ba, sai ya fasa. Duba bambancin. Kuɗin riga kuɗi ne da ke hannu, ba a riga an kashe ba, ana iya juya su duk inda aka so, sai aka juya su wajen mai yunwa. Masallaci kuwa abu ne da ya riga ya tsayu, na kowa da kowa, in an rushe ba ya dawowa, sai aka bar shi. Ni ma a nan na tsaya. Kuɗin da ke aljihu, mai yunwa ne kan gaba. Abin da al'umma ta gada, a riƙe shi.

Ka ɗauka an bi shawararka, gidan tarihi ya fito da zane zai sayar. Wa zai saya? Attajiri. Zanen ya bar bangon da ɗan makaranta ke gani, ya shiga akwati. Kuɗin kuwa da ma suna aljihun attajirin tun kafin a yi maganar ciniki, kuma nauyin ciyarwa yana wuyansa tun lokacin. Don me sai an miƙa masa dukiyar jama'a kafin ya saki abin da addini da mutuntaka suka ɗora masa? Sannan in dukan gidajen tarihi suka fito da kayansu a lokaci guda, farashin zai faɗi warwas, domin ƙarancin kayan ne ke riƙe da shi. Ga kuma girman matsalar: hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. In za ka ba kowannensu dala ɗaya a rana, kuɗin Salvator Mundi ba za su kai magariba ba. Duk cinikin kayan fasaha na duniya a 2023 ɗin, kusan dala biliyan 65, zai riƙe su wata uku ne. Daga nan yunwa tana nan, kayan kuwa sun tafi.

Dalili kuwa shi ne yunwa ba kasafai take zuwa don abinci ya ƙare ba. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998, yana ɗan shekara tara ya ga yunwar Bangal ta 1943 da ta ci mutum kusan miliyan 3. Da ya girma ya bi alƙaluma, ya nuna cewa shinkafar da ke ƙasar a shekarar ba ta kai ta 1941 ƙaranci ba, alhali a 1941 ba a yi yunwa ba. Yaƙi da tashin farashi da ɓoye kaya ne suka sa ɗan ƙwadago da masunci suka kasa saye. Mu ma mun gani da idonmu a Nijar a 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, amma inda tamowa ta fi yi wa yara ɓarna shi ne Maraɗi da Damagaram, rumbun ƙasar. Gero yana kasuwa, farashinsa ne ya ninka har ya fi ƙarfin manomin da ya riga ya sayar da nasa da kaka don biyan bashi. Gwamnati ta daɗe tana sayar da hatsi a farashi mai rangwame maimakon ta raba kyauta, wanda ba shi da ko dala kuwa rangwame bai amfane shi ba. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi jinyar yara sama da 60,000 a shekarar. A Sudan, inda muke da dangi da yawa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 shi ne ya kai aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur a Agustan 2024, kuma shi ne ya kai aka wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum. Hannun da ya tare motar abinci shi ne ya fasa akwatin kayan tarihi. Ko an sayar da duk zanen Turai, motar ba za ta wuce shingen ba.

Akwai kuma inda aka gwada shawararka a aikace, kuma labarin ya kamata kowa ya sani. A 1921 da 1922 yunwa ta kama yankin kogin Volga a Rasha, mutum kusan miliyan 5 suka mutu. Shugaban cocin ƙasar, Tikhon, ya yarda a ba da kayan ado na coci da ba na ibada ba don taimako. Gwamnatin Lenin ba ta wadatu da haka ba, a Fabrairun 1922 ta yi doka a ƙwace dukan kayan zinariya da azurfa da sunan mayunwata. A wata wasiƙar sirri ta 19 ga Maris, wadda sai bayan shekaru masu yawa ta fito fili, Lenin ya rubuta wa abokansa cewa yanzu da yunwa ta kai mutane cin naman mutum shi ne lokacin da za a iya murƙushe coci a tara wa gwamnati dukiya. An fake da guzuma an harbi karsana. Aka harbe limamai, aka narkar da aikin maƙera na ɗaruruwan shekaru, ciyarwar kuwa mafi yawanta wata hukumar agaji ta Amurka ƙarƙashin Herbert Hoover ce ta yi, wadda a tsakiyar 1922 take ba mutum kusan miliyan 10 abinci kullum. Bayan shekara takwas Stalin ya buɗe gidan tarihi na Hermitage yana sayarwa a ɓoye. Andrew Mellon, sakataren baitulmalin Amurka, ya sayi zane 21 a 1930 da 1931 a kan dala miliyan 6.6 da ɗoriya, cikinsu har da aikin Raphael da na Jan van Eyck, su ne suka zama tushen babban gidan zane na Washington. Kuɗin suka tafi wajen injuna da masana'antu. A 1932 da 1933 miliyoyi suka mutu da yunwa a Yukren da Kazakistan, gwamnati kuwa tana fitar da hatsi waje. Duk lokacin da na ji mai mulki yana cewa a sayar da gado don talaka, tambayata ta farko ita ce, kuɗin a asusun wa za su sauka?

Mu ma mun sayar, sai dai namu a ɓoye aka yi, kuma talaka da kansa ya yi. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, a farkon shekarun 1940 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gane cewa aikin wata tsohuwar al'umma ne, wadda ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. In ka riƙe kan Nok a hannu za ka ga idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar idon da hanci da baki don kada wuta ta fasa shi wajen gashi, ga kitso an tsara shi tsaf, ga tsakiya a wuya. Mutumin da ya yi shi ya san yumɓu, ya san wuta, ya kuma san kwalliyar mutanensa. A shekarun 1990, da rayuwa ta yi tsanani, manoma suka bar gona suka shiga tono, a ƙasar Nok da wajen Kwatarkwashi da wasu wurare a Katsina da Sakkwato, suna sayar wa dillalai a kuɗin cefane. Ban zargi manomin ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma ina kayan suka ƙare? A 2000 aka ga guda uku a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, an saye su daga wani dillali a Beljiyam, sai daga baya aka yi yarjejeniya Faransa ta amince mallakar Nijeriya ce, ta riƙe su aro na shekara 25. Masana daga jami'ar Frankfurt da suka fara bincike a yankin a 2005 sun tarar yawancin wuraren an riga an birkice su. Kuma abin da ke gaya mana shekarun abu da yadda aka yi amfani da shi, wato inda yake kwance a ƙasa da gawayin da ke gefensa, shi ne digar mai tono take fara lalatawa. Ƙauyukan ba su yi arziki ba. Riba ta tsaya a hannun dillali, tarihin kakanni ya tafi.

Za ka iya cewa to me tarihin ya tsinana wa mai jin yunwa? Ka tuna masallacin Juma'a na Zariya, yadda mai shiga ciki yake ɗaga kai kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a ƙarni na 19 da ƙasa da azara kawai, ya tayar da bakan gizo a kan bakan gizo har rufin ya buɗe kamar ba nauyi a kansa. Yaron da aka rena da jin cewa duk abin kirki daga waje yake zuwa, in ya tsaya a nan ya ji cewa Bahaushe ne ya yi, wani abu yana miƙewa a ransa wanda buhun shinkafa ba ya miƙar da shi. Ɗan Adam yana buƙatar abinci kafin komai, amma bayan ya ƙoshi zai tambaya shi wane ne, kuma in an sayar da amsar ba za a sake samo ta ba. Talakawan ma sun san haka. A 2012, shekarar da Sahel ke cikin matsin abinci kuma 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu, Abdel Kader Haidara da iyalan da suka gaji ɗakunan karatu suka riƙa cusa littattafan hannu a akwatunan ƙarfe, suna fitar da su ta mota da kwalekwale zuwa Bamako, dubban ɗaruruwa, da ransu a hannu. Ba wanda ya tilasta musu. A Janairun 2013 aka ƙone kusan 4,000 daga waɗanda suka rage a cibiyar Ahmad Baba. Adana abin da ke akwai, rufi da ba ya yoyo, maganin gara, albashin mai gadi, bai kai komai ba in an kwatanta da farashin gwanjo. Ba wannan kuɗin ne ke hana yaro cin tuwo ba.

Birnin Detroit na Amurka ya shiga wannan tsaka mai wuya a 2013, da ya tsiyace da bashin dala biliyan 18. Masu bin bashi suka ce a sayar da zanen gidan tarihin birnin, cikinsu har da hoton da Van Gogh ya yi wa kansa, aka kira Christie's ta yi wa waɗanda birni ya saya da kuɗinsa kuɗi, tsakanin dala miliyan 454 da 867. A ɗaya gefen ga tsofaffin ma'aikata da za a yanke wa fansho. Mafitar da aka samu ita ce gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da gidan tarihin kansa suka yi alkawarin dala miliyan 816 cikin shekara 20, da sharaɗin kuɗin su tafi ga 'yan fansho kaɗai, zanen kuma ya zauna. Yankan da aka yi wa ma'aikata ya tsaya a kashi 4.5 cikin ɗari, da asarar ƙarin tsadar rayuwa. Ba a fita ba ciwo ba, amma kuɗin sun fito daga aljihun da ya kamata su fito.

To a kan wa nauyin yake? A kan mai kuɗin da bai riga ya kashe ba. Ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta ci cocin Notre-Dame na Paris, cikin 'yan kwanaki attajiran Faransa suka yi alkawarin ɗaruruwan miliyoyi, iyalin Arnault yuro miliyan 200, na Pinault miliyan 100, jimillar gudummawa ta kai kusan yuro miliyan 846. Ban ga laifin gyara ginin ba, ya cancanta, kuma dubban magina da kafintoci sun ci abinci a aikin. Saurin ne ya tsaya mini a rai. Ya nuna hannun nan yana iya buɗewa cikin dare ɗaya in zuciya ta motsa. A 2021 shugaban shirin samar da abinci na duniya, David Beasley, ya riƙa roƙon attajirai dala biliyan 6.6 don ceto mutum miliyan 42 da ke bakin halaka. A 2021 ɗin ƙasashen duniya sun kashe dala tiriliyan 2.1 a harkar soja, wato abin da yake roƙo ya ɗan ɗara kuɗin rana ɗaya. Ban kawo wannan don in wanke mai sayen zane ba. Laifin wani ba ya goge na wani, kuma malamai sun yi maganar cewa in larura ta sauka wa jama'a bayan an fitar da zakka, akwai sauran haƙƙi a cikin dukiyar mawadata. Attajirin da ya zo mini yau da kuɗi ya ce in zaɓa masa tsakanin sabon reshe a gidan tarihi da cibiyar tamowa da kayanta suka ƙare, cibiyar zan nuna masa, ko da gidan tarihin da nake aiki ne zai rasa.

Akwai hanyar da ake haɗa biyun, amma tana da sharaɗi. A 1784, cikin wata babbar yunwa a arewacin Indiya, sarkin Awadh, Asafud Daula, ya fara ginin Bara Imambara a birnin Lakno don mutane su samu aikin da za su ci abinci. Ana ba da labarin cewa talakawa suna aiki da rana, masu mutunci da kunya ta hana su fitowa suna zuwa da dare a biya su ba wanda ya gani. Babban zaurensa ya kai tsawon mita 50 ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, yana nan har yau. Sharaɗin shi ne kuɗin su shiga hannun mai yunwa kai tsaye. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe a nan gida, inda maganar ba ta Leonardo ba ce, ta ƙofar gari ce da shataletale da sabon zauren taro da bikin nuna al'adu. In gwamna ya sanar da irin wannan a tsakiyar marka, rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba, ku tambaye shi nawa ne kuɗin, 'yan ƙwadago nawa na garin za a ɗauka, nawa za a biya su a rana, kuma katan nawa na abincin tamowa ya rage a asibitin ƙaramar hukuma. In ɗan kwangila ɗaya ne zai kwashe da injunansa, cibiyar tamowa kuwa ta yi wata biyu tana mayar da iyaye mata gida hannu rabbana, a ɗage aikin sai bayan kaka. Gyaran yoyon tsohon masallaci ko ganuwar da ruwa ke ci kuwa a yi shi yanzu, a ɗauki maginan gargajiya na unguwa, a biya su kullum da yamma.